A RUBUTA BINDIGA A FILI, KADA A RUBUTA MUTUM A ƁOYE

Jawabi ga 'yan Arewa mazauna biranen Kudu, musamman mutanen Nguru da Gashuwa da ƙasashen da ke kewaye da su, a kan shawarwarin hana yaɗuwar bindigogi da kuma jerin sunayen waɗanda hukuma ke zargi.



Shekaru da dama ke nan babu maganar da ta fi ta bindiga yawo a bakin jama'ar ƙasar nan. Waɗansu suna cewa a sakar wa kowa mara ya mallaki tasa, tun da hukuma ta kasa tsare rayuka. Waɗansu kuwa suna cewa a karɓe ta daga hannun kowa, har da maharbin ƙauye. Akwai kuma ra'ayi na uku, wanda ya fi daɗin ji a kunne, watau a ce hukuma ta ajiye jerin sunayen mutanen da take zargi, duk wanda sunansa ya shiga ciki a hana shi lasin, a sa masa ido, in ta kama ma a hana shi tafiya.

Manufar wannan jawabi guda ce. Taƙaita bindiga wajibi ne, babu mai hankalin da zai yi musun haka. Amma fa bindigar ce ya kamata a rubuta, a fili, bisa dokar da kowa ya sani. Shi kuwa mutum, ba a yanke masa hukunci da takardar da bai taɓa gani ba. Duk inda aka sauya wannan tsari, aka bar bindiga a ɓoye aka rubuta mutum a asirce, to, baƙo ne yake fara ɗanɗana kuɗarsa.

MUTANEN BAKIN IYAKA

Tun da jirgin ƙasa ya isa Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama ƙarshen dogo, ya kuma zama ƙofar da arzikin yammacin Barno ke bi zuwa teku. Shanu da busasshen nama da kifi da ƙaro da gyaɗa da fatu duk ta nan aka riƙa lodinsu. Kaya kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Mutane suka bi dukiyarsu har Badun da Ikko da Fatakwal, waɗansu suka koma gida da damina, waɗansu suka kafa iyali a can. Jikokinsu ne yau ake samu a karar shanu ta Agege, da kasuwar Mil Sha Biyu, da Sabon Badun, da Ama Hausa ta Owerri.

Ƙasar da suka baro kuwa ƙasar ruwa ce da daji. Daga fadamun Haɗeja da Nguru har zuwa Gashuwa, mazaunin Mai Bade a bakin kogin Yobe, masunta da makiyaya da maharba sun daɗe suna cin abinci tare. Bindigar toka ba baƙuwa ba ce a gidan manomi, da ita ake korar gyado daga gona, da ita ake buga wa sarki ranar hawa. Haka kuma mutanen wurin sun san cewa bindiga tana da iyaka, domin a Dagona, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, an hana farauta, wurin yana cikin gandun dajin Gwamnatin Tarayya.

Amma wata irin bindiga ta shigo daga baya. A ƙarshen Disamba 1999 babu wanda ya yi zaton haka, sai ga shi a ƙarshen Disamba 2003 waɗansu samari sun far wa ofisoshin 'yan sanda a Kanamma da Gaidam, suka kwashe makamai. Daga wannan ƙyastu wutar ta ci gaba da ruruwa har aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno da Yobe da Adamawa ran 14 ga Mayu 2013. Ran 19 ga Fabrairu 2018 aka shiga makarantar 'yan mata ta Dapci, a kan hanyar Damaturu zuwa Gashuwa, aka yi awon gaba da ɗalibai 110. Saboda haka mutumin arewacin Yobe ba ya bukatar a karanta masa illar bindiga. Ya binne 'yan'uwansa, ya kwana a daji, ya ga kasuwa ta tashi tsaye. In ya yi magana a kan haƙƙin wanda ake zargi, ba don yana tausayin ɗan ta'adda ba ne.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar bindigogi da Nijeriya ke aiki da ita ta samo asali tun 1959, watau shekara guda kafin samun mulkin kai. Ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne makaman yaƙi, irin su bindiga mai ruwa da igwa da gurneti da bindigar soja da ƙaramar bindigar aljihu. Waɗannan an haramta su, sai da iznin Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da su ba izni kuwa ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Kashi na biyu su ne bindigogin farauta na kanti, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasin ɗinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne bindigogin toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, su kuma al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Dokar ta lissafa waɗanda ba za a ba lasin ba: yaron da bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayin da ba ya iya riƙe kansa, da wanda kotu ta taɓa kamawa da laifin ta da hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. Waɗannan sharuɗɗa babu aibu a cikinsu, domin kowanne abu ne da ake iya tabbatarwa, ko da takardar likita ko da littafin kotu.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ita dai dokar ta ce lasin ba haƙƙin kowa ba ne, jami'in da ke bayarwa yana iya hanawa ba tare da ya faɗi dalili ba, yana kuma iya soke wanda ya riga ya bayar. Wanda bai gamsu ba sai ya rubuta takardar kuka zuwa ga Shugaban Ƙasa, abin da ya yanke kuwa shi ke nan. To, a dubi maharbin da ke ƙauyen Bade, wanda ko Damaturu bai cika zuwa ba, a ce masa mafitarsa ita ce ya rubuta wa Abuja. Wannan tsari ne na zamanin Turawan mulki, lokacin da Razdan ke ba wanda ya ga dama ya hana wanda ya ga dama. In aka ɗora jerin sunaye na asiri a kan irin wannan doka, an gama da talaka, domin ba zai san an hana shi saboda jerin ba ne, balle ya nemi a cire shi.

INA BINDIGOGIN SUKE FITOWA?

A watan Afrilu 2021 tsohon Shugaban Ƙasa Janar Abdulsalami Abubakar ya faɗa a bainar jama'a cewa makaman da ke yawo a hannun mutane sun haura miliyan 6. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 kuwa ya nuna cewa ya zuwa Disamba 2018 akwai bindigogi 178,459 na 'yan sanda da ba a iya faɗin inda suke ba, 88,078 daga ciki ƙirar AK-47 ne. Ga kuma waɗanda suka kwararo ta hamada bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, ta iyakokin da ba su da shinge, irin wadda ta taso daga Machina ta bi ta Yusufari har Kanamma.

Wannan lissafi ya isa ya nuna cewa wanda ya je ofis da ƙafarsa, ya cika takarda, ya kawo hoto da mai tsaya masa, ba shi ne ke tare hanya ba. Ɗan fashi ba ya neman lasin. Duk da haka, yawancin matakan da aka ɗauka a kan mai neman lasin suka sauka.

A watan Yuni 2022 gwamnatin Jihar Zamfara ta ce talakawa su nemi bindiga su kare kansu, ta kuma ce za a raba takardun nema 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar. Nan take Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A watan Agusta 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasin ƙananan makamai a ƙasa baki ɗaya. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ba Cibiyar Hana Yaɗuwar Ƙananan Makamai, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro, cikakken matsayi. Wannan mataki na ƙarshe shi ya fi kusa da jijiyar cutar, muddin cibiyar za ta fara ƙidayarta daga ma'ajiyar gwamnati kanta.

DARASI DAGA AMURKA

Shawarar haɗa lasin bindiga da jerin waɗanda ake zargi ba a nan aka fara ta ba. Ran 12 ga Yuni 2016 wani mutum ya harbe mutum 49 a wani gidan rawa a birnin Orlando na Amurka, aka kuma gano cewa 'yan sandan ciki sun taɓa bincikensa. Bayan kwana takwas Majalisar Dattawan ƙasar ta jefa ƙuri'a a kan shawarwari biyu masu kama da juna. Ɗaya ta ce a ba Ministan Shari'a ikon hana wanda ake zargi sayen bindiga. Ɗayar ta ce a jinkirta cinikin kwana uku, a cikinsu gwamnati ta je ta gamsar da alƙali. Babu wadda ta sami ƙuri'a 60 da ake bukata. Abin lura shi ne, har ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a da ba su da wata soyayya da bindiga sun ƙi goyon bayan a dogara da jerin, saboda sun san yadda ake shiga cikinsa.

Sun sani, domin a 2004 an yi ta tsayar da Sanata Edward Kennedy a filayen jirgin sama saboda sunansa ya yi kama da wani da ke cikin jerin, shi da duk ƙasar ta san fuskarsa, sai da ya yi makonni yana neman a gyara. Wata ɗaliba 'yar Malesiya, Rahinah Ibrahim, an sa mata ankwa a filin jirgin San Francisco a Janairu 2005. Sai a 2014 kotu ta tabbatar cewa wani jami'i ne ya yi kuskuren sa alama a gurbin da ba shi ba a jikin takarda. Shekara tara ta yi tana neman wanke sunanta daga kuskuren alƙalami.

Nijeriya ma ta ga ɗaya fuskar abin. A Nuwamba 2009 mahaifin Umar Faruk Abdulmutallab ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja da kansa ya yi gargaɗi a kan ɗansa. Aka rubuta sunan a wani kundi mai ɗauke da sunaye fiye da rabin miliyan, ya nutse a ciki, yaron ya hau jirgi ran 25 ga Disamba ba wanda ya tare shi. Bayan haka sai aka sa Nijeriya dungum a cikin ƙasashe 14 da ake tsananta wa matafiyansu bincike, har zuwa Afrilu 2010. Watau jerin da ya cika tsawo yakan saki mai laifi ya kama na kirki. Idan haka ta faru a ƙasar da kowa ke da takardar haihuwa, yaya ke nan a inda unguwa guda za a sami Muhammadu Abubakar goma, rabinsu kuma an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa?

GASHUWA SHAIDA CE

Ba sai an tsallaka teku ba. Lokacin da Nguru da Gashuwa ke cikin tsohuwar Jihar Barno, kafin a yanke Yobe a 1991, an yi abin da dattawa ba su manta ba. Ran 24 ga Janairu 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin jihar, daga gidansa a Maiduguri, suka kai shi ƙasar Chadi, bisa takardar Ministan Harkokin Cikin Gida da ta ce shi ba ɗan ƙasa ba ne. Ba a tambaye shi ba, ba a kai shi gaban kowa ba. Da magana ta je Babbar Kotun Maiduguri, Mai Shari'a Oye Adefila ya saurari shaidu, ya tabbatar cewa ɗan Nijeriya ne, ya soke korar, ya kuma yanke a biya shi diyyar Naira 350,000. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ta tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa. Wannan babban mutum ne mai jam'iyya da lauyoyi. Ɗan Manga ko ɗan Bade mai dangi a tsallaken iyaka, wanda ba shi da kowa, da a ce shi aka kora, da wa zai bi sawunsa?

Bayan shekara huɗu sai ga Dokar Soja ta 2 ta 1984, wadda ta ba da ikon tsare mutum wata uku ba shari'a, a kuma riƙa sabuntawa, ta hana kotu sa baki. Kurkukun Gashuwa yana cikin wuraren da aka riƙa jefa irin waɗannan mutane, saboda nisansa da zafinsa. A Yuni 1989 aka kama Cif Gani Fawehinmi a Ikko, saboda taron da ya shirya a kan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida, aka kai shi Gashuwa, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 daga iyalinsa da lauyoyinsa. Wajen wata huɗu ya yi a tsare kafin a sake shi. Ba a soke wannan doka ba sai a Mayu 1999. Mutanen Gashuwa ba su roƙi a mai da garinsu abin tsoratar da jama'a ba, amma sun ga yadda sa hannun mutum ɗaya ke iya ɓatar da wani.

Mulkin farar hula bai kawar da ɗabi'ar ba. Lanre Arogundade, wanda ya shugabanci ƙungiyar ɗaliban Nijeriya a 1984, ya girma ya zama dattijon ɗan jarida, amma a Fabrairu 2022 aka tsayar da shi a filin jirgin Ikko saboda sunansa na nan a jerin jami'an tsaron farin kaya. Sai a 2025 aka ba da sanarwar cire shi, bayan wajen shekara 40. A Oktoba 2018 fadar Shugaban Ƙasa ta ce ta hana mutum 50 fita waje ba tare da ta bayyana sunayensu ba, alhali kuwa Mai Shari'a Ijeoma Ojukwu ta Babbar Kotun Tarayya ta riga ta ce irin wannan iko sai da iznin kotu.

Mafi nauyi duka shi ne abin da ya sami talakawan Arewa maso Gabas. A rahotonta na Yuni 2015 ƙungiyar Amnesty ta ce an kama mutum fiye da 20,000 a yankin, fiye da 7,000 kuma sun mutu a tsare. Hukumar soja ta musa. Amma da aka fara shari'ar waɗanda ke tsare a barikin Kainji a Oktoba 2017, zaman farko mutum 45 aka ɗaure, aka sallami 468. Waɗannan alƙalan gwamnati ne suka duba, suka ga babu abin da za a riƙe mutanen da shi, bayan waɗansunsu sun share shekaru a kulle.

BAƘO A KUDU

Yanzu sai a zo kan abin da ya shafi mai zaman ci-rani kai tsaye. A tsakiyar Yuni 2014 sojoji suka tare motoci fiye da 30 a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, a cikin Jihar Abiya, suka kama matafiya 486 'yan Arewa, aka baza labari cewa an kama 'yan Boko Haram. Da aka tantance sai aka riƙa sakinsu rukuni-rukuni, domin akasarinsu masu neman abinci ne. A watan da ya biyo baya sai magana ta taso cewa za a yi wa 'yan Arewa rajista ta musamman da katin shaida a Jihar Imo. Majalisar Dattawa ta yi tir da haka, Majalisar Tsaro ta Ƙasa kuma ta hana kowace jiha yin irin wannan rajista. Wannan ma jerin sunaye ne, sai dai ba laifi ke shigar da mutum ciki ba, garinsu ne.

Ran 27 ga Maris 2025 kuwa aka ga ƙarshen inda zato ke kaiwa. Waɗansu maharba 'yan Jihar Kano sun taso daga Jihar Ribas za su gida hutun Salla, 'yan banga suka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo, suka ga bindigogin farauta ƙirar gida. Ba a kai su ofishin 'yan sanda ba, ba a tsaya duba takarda ba. Aka yi ihun masu satar mutane, jama'a suka taru, aka kashe mutum 16. Gwamnan Edo ya je Kano ta'aziyya, an kuma kama waɗansu, amma rai ba ya dawowa.

Adalci ne a faɗi cewa tsoron masu masauki ba na banza ba ne. An sace musu mutane a gonaki da hanyoyi, ran 5 ga Yuni 2022 kuma an kashe masu ibada da dama a wata majami'a a Owo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To, amma maganin tsoro shi ne tsarin da zai raba maharbi da ɓarawo cikin sa'a guda. Da a ce kowace bindigar farauta tana da lamba a jikinta, tana kuma cikin littafin da ɗan sandan Edo zai iya tambaya a Kano ta waya, da masu son ta da fitina ba su sami abin fakewa ba.

ABIN DA YA KAMATA A NEMA

Tsarin Mulki na 1999 ya riga ya shimfiɗa tabarmar. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin sa'a 24, da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Sashe na 36 ya ce kowa marar laifi ne har sai an tabbatar. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon tafiya da zama a ko'ina cikin Nijeriya, na 42 kuma ya hana wariya saboda ƙabila ko addini ko garin asali. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara da cewa ba a kama wani a madadin wani, kuma sutura ko kamanni ko zaton da ake wa wata al'umma ba hujjar bincike ba ce. A kan wannan tushe, ga abin da ya kamata wakilan jama'a su tsaya a kai duk ranar da aka kawo gyaran dokar bindiga:

Na farko, gwamnati ta fara da ƙidaya nata makaman, ta sa wa kowanne alama, ta hukunta jami'in da ya sayar ko ya ba da haya.

Na biyu, a buɗe hanyar rajista mai sauƙi ga maharba da 'yan sintiri a hedkwatar kowace ƙaramar hukuma, da shaidar Sarkin Baka da bulama ko lawani.

Na uku, wanda aka hana wa lasin ko aka soke nasa a ba shi dalili a rubuce, ya kuma sami ikon ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke kusa da shi.

Na huɗu, kada sunan kowa ya shiga jerin da zai hana shi wani haƙƙi sai da iznin alƙali, na ƙayyadadden lokaci, tare da hoto da lambar shaidar ɗan ƙasa, ba suna tsura ba. In sirrin bincike ya hana a gaya masa yau, a sa ranar da za a gaya masa, a kuma buɗe masa ƙofar neman a cire shi. Hukuma ta san yadda ake yin abu a fili, domin a Oktoba 2015 sojoji sun buga hotunan mutum 100 da suke nema, kowa ya gani.

Su kuma mazauna Kudu akwai nasu nauyin. Kada wanda ya ratsa jihohi da bindiga a cikin kaya, ko da yana da takarda, sai ya sanar da 'yan sandan inda ya taso. Mai gadin da maigida ya miƙa wa bindiga ya tambayi lasin da sunan wa yake, domin ranar da aka kama, mai riƙe da ita ake tuhuma. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, ya kuma sanar da Sarkin Hausawan wurin da ya sauka. In an kama wani, shugabanni su je ofis da wuri, su rubuta rana da sa'a da sunan wurin, su nemi Hukumar Ba da Taimakon Lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Haka kuma kada zango ya zama maɓoyar mugu. Wanda aka san yana fataucin makami a miƙa shi ga hukuma, domin wake ɗaya ke ɓata gari.

Jama'a, ƙasar da ta karɓe bindiga ta bar zalunci ba ta sami zaman lafiya ba, wadda ta raba wa kowa bindiga ma haka. Abin da ɗan Nguru a Agege da ɗan Uromi a Sabon Garin Kano suke bukata ɗaya ne: in an zarge su a kai su gaban alƙali, a ji ta bakinsu. Allah ya kiyaye matafiya, ya mai da kowa gida lafiya.